Abin da ke sa fitilar gargaɗi ta kama bayan an ɗaura wa babur na'urar daidaita mai

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lissafin masu babura ya canza a Daura, Mai'adua, Zango, Sandamu da Baure. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Matsin ya sa duk abin da aka ce yana gyara shan mai yake samun kasuwa, ciki har da ƙaramar na'urar da ake jona wa injin domin sauya adadin man da yake sha. Sau da yawa abin da ke biyo baya shi ne fitilar gargaɗi, sai a yanke hukunci cewa sensar oksijin ta mutu. Galibi lafiyarta ƙalau.

Baburan da abin ya shafa

Mafi yawan baburan haya a masarautar Daura masu kafireta ne, ba su da wannan sensa. Tana cikin masu injekta, waɗanda suka yawaita a duniya bayan Indiya ta tsaurara dokar hayaƙi a ranar 1 ga Afrilun 2020.

Aikin sensar

Kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da ita a 1976. Ana ɗaure ta a wuyan salansa, tana auna oksijin da ya rage cikin hayaƙi, ta aika wa ƙwaƙwalwar injin saƙo tsakanin bolt 0.1 da 0.9. Ƙaramin adadi na nufin mai ya yi kaɗan, babba kuwa ya yi yawa. Da wannan ne ƙwaƙwalwar ke riƙe ma'aunin nauyin iska kashi 14.7 ga kashi ɗaya na fetur. Sensar ba ta aiki sai ta ɗauki zafi sama da digiri 300, don haka aka sa mata wayar ɗumama a ciki.

Na'urar daidaita mai tana shiga ne tsakanin ƙwaƙwalwa da injekta ko sensa, ta sauya saƙon. Idan abin da ƙwaƙwalwa ta umarta ya saɓa da abin da sensa ke gaya mata, sai ta kunna fitila.

Matakan bincike

Na farko, a karanta lambar matsala da na'urar gwaji. P0131 na nuna saƙo ya yi ƙasa, P0132 ya yi sama, P0133 sensa ta yi nawa, P0134 ba ta motsi, P0135 kuwa matsalar wayar ɗumama ce.

Na biyu, a cire sabuwar na'urar, a mayar da wayoyi yadda suka zo daga kamfani, a goge lambar, a zaga da babur. Idan fitila ba ta dawo ba, laifin na na'urar ne ko na ɗaurinta.

Na uku, a duba soket, wayar da ke kama jikin ƙarfe, fis da ƙarfin batir. Wayar da ta taɓa salansa kan narke, ƙurar hunturu kuma kan shiga soket ɗin da bai rufu ba.

Na huɗu, a nemi kafa a bakin salansa. Iskar da ke kutsawa ta nan kan ruɗi sensa ta ce mai ya yi kaɗan, injin ya ƙara sha.

Na biyar, a tabbatar tsarin da ke cikin na'urar na wannan samfurin babur ne. Sai an ƙare waɗannan a zare sensar: baƙin toka alamar mai ya yi yawa, farin shafi kuma alamar gam mai silikon ya lalata ta.

Batun ingancin mai

A Nuwamban 2019 Hukumar Kwastam ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, matakin da ya shafi garuruwa irin su Kwangwalam, ya kuma tura jama'a wajen 'yan bumburutu. A Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar. Gurɓataccen mai kan toshe injekta ya tayar da fitilar, ko da na'ura ko babu.

Kuskure mafi tsada

Wasu kan cire sensar ko su sa abin da zai rufe bakinta don fitila ta mutu. Ƙwaƙwalwar sai ta koma zuba mai bisa ƙiyasi, abin da kan ƙara sha da hayaƙi, fulogi ya yi baƙi. Rage mai fiye da kima kuwa zafi yake jawo wa injin, har ya kai ga ƙona bawul. Yawancin waɗannan na'urori, irin su Power Commander, an ƙera su ne don ƙarin ƙarfi da santsin tafiya. Mai neman sauƙin aljihu zai fi samunsa a tsabtace matatar iska, sabon fulogi da cikakkiyar iskar taya.