Cinikin kifin ado: daga ina ake kamo shi, kuma wa ke cin riba?

Kifin ado shi ne wanda ake ajiyewa a akwatin gilashi a gidaje da otal-otal da ofisoshi domin ƙawa, ba domin ci ba. Amurka da ƙasashen Turai da Japan ne manyan masu sayensa. Mafi yawan na kogi da tafki kiwon su ake yi a gonakin kifi na ƙasashe irin su Singapore da Thailand, amma na teku akasari daga ruwa ake kamo su, musamman a Indonesiya da Filifin. A nan ne taƙaddama take.

Babban abin zargi shi ne gubar sayanayid. Mai ninƙaya kan fesa ta a ramukan duwatsun murjani, kifin ya sume, a ɗauke shi cikin sauƙi. Gubar tana kashe murjanin, wanda shi ne gidan kifayen, kuma da yawa daga waɗanda aka kama sukan mutu a hanya ko bayan an kai su shago. Ƙasashen biyu sun haramta wannan hanya, sai dai sa ido a kan dubban tsibirai ba ƙaramin aiki ba ne.

Ko ba guba ma, yawan kamu yana iya durƙusar da nau'in da mazauninsa ƙarami ne. Kifin Banggai, wanda asalinsa wasu 'yan tsibirai ne na Indonesiya, ƙwai kaɗan yake yi. Namijin ne ke riƙe su a baki har su ƙyanƙyashe, kuma 'ya'yan ba sa yin nisa da inda aka haife su. A shekarar 2007 ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Sau biyu, a 2007 da 2016, aka nemi sanya shi ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji, kuma duk an janye buƙatar.

Duk da haka, kuskure ne a yi wa sana'ar kuɗin goro. A garin Barcelos da ke gaɓar kogin Rio Negro a Brazil, iyalai sun daɗe suna rayuwa da kamun wani ɗan kifi mai launin ja da shuɗi da ake kira kadinal tetra, da kwalekwale da ƙaramar koma. Kifin yana hayayyafa sosai lokacin ambaliya, in ruwa ya janye kuma ɗimbinsu su maƙale a kududdufai su mutu, don haka abin da masunta ke ɗiba ba ya girgiza yawansa. Shirin Piaba, wanda aka kafa a 1991, ya dogara da hujjar cewa muddin kifin yana kawo kuɗi, mutanen za su kare dajin da yake rayuwa a cikinsa. Abin mamaki, kiwon wannan kifi a gonakin Asiya, wanda ake gani mafita ce, ya rage wa masuntan kasuwa, kuma wanda ya rasa sana'ar kifi yana iya komawa saran itace ko haƙar zinariya.

Sai batun rabon riba. Masunci ne ke shiga haɗari, amma abin da yake samu ɗan kaɗan ne daga farashin da ake biya a shagunan Turai, bayan dillalai da masu fitarwa da kamfanonin jiragen sama sun ɗebi nasu.

Nijeriya ma tana cikin wannan ciniki. Ta Legas ake fitar da kifayen da aka kamo daga kogunan ƙasar, ciki har da minjirya, wasu nau'o'in ƙurungu, kifi mai dogon haɓa kamar haurar giwa, da wani siriri mai kama da maciji da ke zaune a fadamun yankin Neja Delta. Waɗannan biyun na ƙarshe ba a kai ga kiwon su don kasuwa ba, saboda haka kusan duk wanda aka gani a shagon Jamus ko Amurka daga kogi aka ɗebo shi. IUCN ta lissafa mai kama da macijin cikin waɗanda ke dab da shiga barazana, saboda lalacewar dazuzzukan fadamar da yake zaune a ciki.