Tarihin Canjin Aiki a Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya tashi a Kakuri ko Makera ya san labarin canjin aiki a masaƙu irin su KTL, wadda aka buɗe a 1957. Inji ɗaya ne, ma'aikata ke karɓa-karɓa a kansa. To, haka manhajoji suke yi a cikin kwamfuta, sai dai nasu canjin yakan faru sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda.

Matsalar da ta dami masana tun farko ita ce ƙarancin ƙwaƙwalwar na'ura. A 1962, ayarin Tom Kilburn na Jami'ar Manchester a Ingila suka ƙaddamar da kwamfutar Atlas, wadda ta rarraba ƙwaƙwalwarta shafi-shafi. Manhaja takan yi aiki da adireshin aro, na'ura kuma ta fassara shi zuwa ainihin wurin da bayanin yake. Kamfanin IBM ya sa wannan dabara a na'urorinsa na System/370 a 1972, sannan Intel ya kawo ta ƙananan kwamfutoci a 1985 da 80386. A kan wannan ne Linus Torvalds ya fara rubuta Linux a 1991, wadda ita ce zuciyar wayoyin Android da ke aljihunmu.

Kowace manhaja tana da jadawalin shafukanta. Idan lokacinta ya cika, zuciyar tsarin takan adana inda ta tsaya, ta nuna wa na'ura jadawalin mai karɓar aiki. Nan ne ake asarar lokaci, domin akwai ɗan allon tuni da ke riƙe fassarorin baya-bayan nan, kuma a da sai an goge shi a kowane canji. Daga baya aka riƙa liƙa wa kowace fassara lambar mai ita, aka rage yawan gogewa.

Wannan katanga ce ke hana manhajar wasa leƙa asirin manhajar banki. A Janairun 2018 aka bayyana ɓarakar da ake kira Meltdown, wadda ta nuna ana iya leƙawa ta kan katangar. Dole aka raba jadawalin zuciyar tsarin da na manhajoji, ko da yake hakan ya rage wa wasu na'urori sauri.

Saboda haka, idan waya ta nemi a sabunta tsarinta, kada mu yi ƙyuya. Rigakafi ya fi magani.