Farautar Voulet da Chanoine a ƙasar Tasawa, 1899

A cikin dukkan masifun da suka auku wa ƙasar Hausa a farkon zuwan Nasara, da wuya a sami wadda ta kai ta rundunar Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine muni, waɗanda gwamnatin Faransa ta aiko domin su ratsa daga kogin Kwara zuwa tafkin Chadi, su kafa mata tuta kafin Ingila ta riga ta. Da yake ba a ba su isasshen guzuri ba, sai suka mai da kwasar ganima da kama bayi abin dogaronsu. Tun daga Sansane Hausa a watan Janairu na 1899, zuwa Lugu inda Sarauniya Mangu ta tare su da mayaƙanta a watan Afrilu, har zuwa Birnin Konni da suka afka wa ranar 8 ga Mayu, babu abin da suka bari a bayansu sai toka da gawawwaki.

Wasiƙar wani hafsa mai suna Peteau, wanda Voulet ya kora daga rundunar, ita ce ta kai labari Paris. Hukuma ta umurci Kanar Klobb ya bi sawunsu ya karɓe jagoranci. Ya taso daga yamma da sojoji ƙalilan, da Laftanar Meynier a gefensa, ya yi tafiyar da ta zarce kilomita 2,000, kuma bai buƙaci ɗan jagora ba, domin ƙonannun garuruwa su ne suka nuna masa hanya. A Koran Kalgo ya tarar da 'yan mata ƙanana a rataye jikin itatuwa, abin da alƙalami ke jin nauyin rubutawa.

Ranar 14 ga Yuli Klobb da Voulet suka yi arba a Dankori, kusa da Tasawa. Klobb ya hana mutanensa harbi, ya doso a kan dokinsa. Voulet kuwa ya ba da umurni aka buɗe wuta, Klobb ya faɗi matacce, Meynier ya ji rauni. Daga nan Voulet ya shelanta cewa ya yar da Faransa, zai kafa daularsa. Sojojinsa baƙaƙe, da suka fahimci ba za su sake ganin gida ba, suka yi tawaye, suka kashe Chanoine ranar 16, Voulet kuma washegari. An rufe su a Maijirgi.

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi, jinin Klobb ne ya girgiza Faransa, ba jinin dubban talakawan da aka zalunta ba, kuma mutuwar azzaluman nan biyu ba ta tsai da mamayar ba. Kafin watan ya ƙare, ragowar rundunar ta karya dakarun Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga a Tirmini ta shiga Zinder, sa'an nan Joalland, ɗaya daga cikin hafsoshin rundunar, da Meynier suka zarce Chadi, inda suka haɗu da wasu rundunoni biyu na Faransa, aka kashe Rabeh, mai mulkin Borno a lokacin, a Kusseri ranar 22 ga Afrilu, 1900.