Inna

Inna (suna, mace): 1. uwa ko 'yar'uwar uwa. 2. A bori, babbar aljana mai tsaron gona da dukiya, ana kuma ce mata Doguwa ko Uwargona.

Masu yi mata kallon muguwar iska kawai sun rage mata matsayi. Hujjarsu ita ce shan-inna, cutar da ake danganta mata, ko da yake likitoci sun tabbatar ƙwayar cuta ke haddasa ta. Amma a wurin Maguzawa ɓarawon amfanin gona take shanye wa hannu ko ƙafa, wato hukuncin nata yana cikin aikin tsaro. Ba Maguzawa kaɗai ke da irin wannan uwa ba: a Gaya, bakin kogin Kwara daura da Malanbil ta Benin, inda Hausawa ke cuɗanya da Dandawa da Zabarmawa, Harakoy Dikko ce uwar ruwa da masunta ke neman yardarta.

Wani zai ce girmama irin waɗannan iyaye mata al'adar baƙar fata ce kurum. To, a yankin kogin Rayin, iyakar daular Rum, tsakanin ƙarni na 1 da na 3, har sojoji sun kafa duwatsun bakance ga Matronae, iyaye mata uku zaune da kwandunan 'ya'yan itace a cinya, musamman kewayen Kolon da Bon.