Kula da yara masu naƙasa a cikin al'umma: Asalin tsarin da matsayinsa a Nijeriya

A ranar 27 ga Oktoba, 2010, aka ƙaddamar da wani kundin ƙa'idoji a Abuja, wanda ya zama madogara ga masu aikin kula da naƙasassu a ƙasashe da dama. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ce ta shirya shi tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, da hukumar UNESCO da kuma gamayyar ƙungiyoyin agaji masu aiki a wannan fanni. Kundin ya fayyace tsarin farfaɗo da masu naƙasa a cikin al'ummarsu, wanda ake taƙaitawa da CBR. Abin da tsarin yake nufi ga ƙananan yara shi ne, jinyar da aka fara a asibiti ta ci gaba a gida da makaranta da wurin wasa, inda yaro yake yin mafi yawan rayuwarsa.

Asalin tsarin

Tunanin ya samo tushe ne daga taron Alma-Ata na shekarar 1978, inda ƙasashen duniya suka amince a kai kiwon lafiya matakin farko kusa da jama'a. WHO ta lura cewa a ƙasashe masu tasowa, cibiyoyin farfaɗo da naƙasassu sun taru ne a manyan birane, ba sa isa ga mutanen karkara. Saboda haka ta fara koya wa iyalai da ma'aikatan sa-kai hanyoyin jinya masu sauƙi, sannan a 1989 ta wallafa littafin horarwa don wannan aiki. A 1994 da kuma 2004, hukumomin uku sun fitar da matsaya ta bai ɗaya wadda ta faɗaɗa tsarin har ya haɗa da yaƙi da talauci da kare haƙƙi.

Kundin da aka ƙaddamar a Abuja ya ɗora aikin a kan ginshiƙai biyar: lafiya, ilimi, hanyar samun abinci, zamantakewa da kuma ƙarfafa wa masu naƙasa su tsaya wa kansu. A alƙaluman WHO, kimanin mutum biliyan 1.3 ne, wato kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, ke rayuwa da naƙasa mai tsanani. Asusun UNICEF kuma ya ƙiyasta a 2021 cewa yara masu naƙasa sun kusa miliyan 240.

Dalilin da ya sa gida ya fi muhimmanci

Yaro yana koyon zama da tafiya da magana ne ta hanyar maimaitawa. Likitan gashi ko mai gyaran magana zai iya ganinsa na ɗan lokaci a mako, amma sauran sa'o'in duka yana hannun iyayensa ne.

Misali na farko shi ne yaran da jikinsu ke sandarewa ko saki sakamakon rauni a ƙwaƙwalwa. A Nijeriya, manyan musabbaban wannan lalura sun haɗa da rashin isasshen numfashi lokacin haihuwa, da shawara mai tsanani a jarirai, da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Raunin ba ya warkewa, amma yadda ake ɗaukar yaron da zaunar da shi da ba shi abinci yana rage ƙagewar gaɓoɓi da shaƙewa. A tsarin CBR, ana nuna wa uwa yadda za ta miƙe masa hannu da ƙafa yayin wanka, da yadda za ta tallafe kansa yayin shan kunu. Kafintan unguwa na iya ƙera masa kujera mai jingina daidai jikinsa, mai walda kuma ya haɗa masa abin dogarawa don koyon tafiya.

Misali na biyu shi ne jaririn da aka haifa da lanƙwasasshiyar ƙafa. Ana gyara ta da hanyar Ponseti, wato ɗaurin filasta da ake sauyawa mako-mako. Bayan an cire filastar, sai yaron ya riƙa sa wani takalmi mai sanda kusan dare da rana na tsawon wata uku, daga nan ya ci gaba da sa shi da dare har ya kai shekara huɗu ko biyar. Idan aka yi sakaci da takalmin a gida, ƙafar takan koma yadda take, wahalar asibiti ta tashi a banza.

Haka abin yake ga yaro kurma. Idan shi kaɗai ya iya maganar hannu, ba shi da abokin hira a gidansu. Shi ya sa tsarin ya tanadi a koyar da iyaye da 'yan'uwa da malaman aji tare da shi.

Abin da doka ta tanada

Nijeriya ta sa hannu a Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Masu Naƙasa a 2007, ta kuma tabbatar da ita a watan Satumban 2010. Sashe na 26 na yarjejeniyar ya buƙaci a fara aikin farfaɗowa da wuri, kuma a samar da shi kusa da inda mutane ke zaune, har da karkara.

A watan Janairun 2019, Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu kan dokar haramta nuna wariya ga masu naƙasa ta 2018. Dokar ta ba su damar karatu kyauta har zuwa sakandare, ta kuma wajabta wa makarantun gwamnati su karɓe su. Wanda ya nuna musu wariya zai biya tarar naira 100,000 ko ya yi zaman gidan yari na wata shida, ko duka biyun, kamfani kuwa tararsa naira miliyan ɗaya ce. Wa'adin shekara biyar da aka bayar don gyara gine-ginen jama'a ya cika a Janairun 2024. Dokar ce kuma ta samar da Hukumar Kula da Masu Naƙasa ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a Abuja a 2020.

Halin da ake ciki a Babban Birnin Tarayya

Akwai sassan gashi a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada. Akwai kuma makarantar makafi a Jabi, da ta kurame da ta yara masu buƙata ta musamman a Kuje. Sai dai yankin yana da ƙananan hukumomi shida, kuma uwar da ke wani ƙauye a Abaji ko Kwali sai ta biya kuɗin mota ta goyo yaron da ya yi nauyi, ta bar sana'arta ta wuni guda kafin ta ga ƙwararre. Irin wannan ɗawainiya ce ke sa iyalai da yawa su daina zuwa asibiti kafin a kammala jinya.

Ƙarancin ƙwararru, musamman masu gyaran magana da masu koyar da ayyukan yau da kullum, na daga cikin manyan matsaloli. Sai kuma camfi, wanda ke sa wasu iyaye su ɓoye yaro a ɗaki, ko su danganta lalurarsa da iskoki. A nan ne masu unguwanni da limamai da fastoci da malaman Islamiyya ke da rawar takawa, domin maganarsu tana da nauyi wajen sa a fito da yaro a sa shi makaranta.

A watan Mayun 2023, Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙuduri da ke kira ga ƙasashe su shigar da aikin farfaɗowa cikin tsarin kiwon lafiya, har da matakin farko. Ga iyaye, hakan na nufin ƙaramin asibitin unguwa ne wurin farko da za su nufa. Masana na ba da shawarar a kai yaro a duba shi idan ya kai wata tara bai iya zama da kansa ba, ko ya kai wata 18 bai fara tafiya ba, ko kuma ba ya waiwaya idan aka yi ƙara a kusa da shi.