Duwatsun Titunan Akokan

Ya mai karatu, in an zo gyaran hanya a garinku, ka taɓa tambaya daga ina aka ɗebo burjin da ake zubawa? Saurara ka ji abin da ya faru a Akokan, kusa da Arlit, cikin jihar Agadas.

Arlit sabon gari ne. An kafa shi a 1969 saboda ƙarfen uraniyom da aka samu a wurin. Kamfanin SOMAIR ya fara fid da ƙarfen a 1971. A 1978 kamfanin COMINAK ya fara nasa aiki a Akokan. A lokacin, Faransawa ne ke da babban hannu cikin kamfanonin biyu.

In an haƙa rami, ba duka dutsen ne ake kai wa injin ba. Wanda ƙarfensa bai da yawa, sai a tara shi gefe. Ga shi kusa, ga shi tuli. Da irin wannan dutse aka cike waɗansu titunan Akokan. A ido, dutse ne kamar kowane dutse. Amma yana fid da wani tiriri da ba a gani, ba a jin warinsa. In mutum ya daɗe yana zama kusa da shi, yana iya kawo ciwon daji.

Wata ƙungiya ta mutanen Arlit, mai suna Aghir In'Man, ta tashi tsaye. Ta haɗa kai da masu bincike na Faransa da ake kira CRIIRAD. A 2007 aka auna titin da ke gaban asibitin COMINAK. Aka tarar tiririn ya fi yadda aka saba har sau 100.

Nan gardama ta tashi. Kamfanin Areva, uwar kamfanonin biyu a lokacin, ya ce an bincika titunan, an kwashe mugun dutsen. A watan Nuwamba na 2009 ƙungiyar Greenpeace ta zo da nata abin awo. A wani wuri ta samu kusan sau 500. Gani ya kori ji. Kamfanin ya amince, aka sake kwasa. A 2021 COMINAK ya rufe, amma mutane suna nan zaune a garin, yara suna wasa a titi.

To, ɗan uwa, ka ga ba ihu ya raba wannan gardama ba, awo ne da rubutu. Kai ma yanzu ka iya karatu. In magajin gari ya ba da kwangilar hanya, ku je ku nemi a nuna muku takardar. Ku karanta irin burjin da aka yi alkawari, da inda za a ɗebo shi, da wanda zai auna shi. Ku tambaya tun mota ba ta juye ba, don kwashe abin da aka riga aka daɓe aiki biyu ne.