Laima, Katako da Fata: Fiyano a Gaban Yanayin Rusairis

Wanda ya zauna shekara guda a Rusairis, a gabashin gaɓar Shuɗin Nilu daura da Damazin, ya san cewa ƙasar fuska biyu gare ta. Daga Yuni zuwa Oktoba ruwa ne da taɓo, baƙar ƙasa ta kumbura har ta riƙe ƙafar jaki. Da rani ya kama kuwa, sai ƙasar nan ta daddare, ta yi tsaga mai zurfin da hannu zai shiga. Abin da yake faruwa da ƙasar shi yake faruwa da katako da fata, domin dukkansu suna shan ruwan da ke cikin iska, suna kuma amayar da shi. Hausa ta bambanta waɗannan abubuwa da kyau, kuma ya kamata ɗalibi ya lura: raɓa ita ce mai sauka da dare, laima ita ce mai tasowa daga ƙasa ko ta kama ɗaki da tufa, danshi kuwa shi ne ɗan jiƙon da ya rage a jikin abu. Batunmu a yau shi ne yadda kayan kiɗa suka yi ta fama da su.

Hausawa sun daɗe a wannan yanki ta hanyar aikin hajji. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas, ya zauna kusa da Sinnar a garin da har yau ake kira da sunansa. Da aka kammala madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga na Jazira, sai ƙarin jama'a suka kwararo neman aiki, ƙauyuka suka miƙa kudu ta bakin kogi. Makaɗin da ya taso a irin waɗannan garuruwa, kamar ɗan'uwansa na Kano, ya gaji wani ilimi da ba a rubuta shi ba. Idan damina ta sa fatar ganga ta saki, muryarta ta dushe, sai ya kara ta kusa da wuta ko ya shanya ta a rana har ta ɗame. Mai goge yana goga ƙaro a izga, yana kuma tsare ƙwaryarsa daga laima. Kalangu ma ya fi su sauƙi, tun da da hammata ake matse tsarkiyarsa, a ɗaga murya ko a sauke ta nan take.

Fiyano ba shi da wannan sauƙin. Bartolomeo Cristofori ne ya ƙera shi a Fulorans ta Italiya wajen 1700, don ɗakunan Turai. Na zamani yana da tsirkiya ta ƙarfe fiye da 200, jan da suke yi gaba ɗaya ya kai kusan tan 20. Firam ɗin ƙarfen zubi, wanda Alpheus Babcock ya yi wa rajista a Boston a 1825, shi ne ya ɗauke wannan nauyi. Amma muryar kayan tana fitowa ne daga wani siririn allo na katako da aka ɗan tanƙwara tsakiyarsa. Idan iska ta cika da laima, allon ya kumbura, ya tura tsirkiya sama, sauti ya hau. Idan ta bushe, allon ya motse, sauti ya sauka, ƙusoshin da ke riƙe da tsirkiya su yi sako-sako a cikin katakonsu, wani lokaci allon ya tsage. Abin sha'awa, akasin ganga ke nan: laima tana sauke muryar fata, tana ɗaga ta fiyano.

A zamanin mulkin mallaka, maƙeran Ingila sun riƙa yin fiyano na musamman don Indiya da sauran ƙasashe masu zafi, suna ƙara sukurori da ƙusoshi a inda da manne kaɗai ake sawa, domin mannen fata da ƙashi narkewa yake yi cikin laima. Albert Schweitzer, da ya tafi Lambarene a Gabon a 1913, fiyanon da ya tafi da shi an lulluɓe cikinsa da ƙarfen zinki saboda laima da gara. Dabarar ke nan ta farko: a ƙarfafa kayan ya jure.

Dabara ta biyu ta zo daga Amurka a 1947, sa'ad da Allen Foote ya fito da Dampp-Chaser, wata doguwar sanda mai ɗumi da lantarki da ake ratayawa cikin fiyano don ta kori laima. Daga baya aka haɗa mata ɗan kwanon ruwa mai tsumma, wanda yake sakin danshi idan iska ta bushe, da ma'auni mai kunna wannan ya kashe wancan, da nufin tsayar da laimar ciki kusa da kashi 42 cikin 100.

To, gyara ne ko ɓarna? Masu gyaran fiyano ba su daina gardama a kai ba, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Ba bushewa ko jiƙa ne kaɗai suke kashe katako ba, kai-da-kawowar da ke tsakaninsu ta fi illa, domin kowace kumbura tana murƙushe zaren itacen, kowace motsewa tana buɗe inda aka murƙushe. Na'urar da ta rage wannan zirga-zirga ta yi aiki, musamman a fiyanon tsaye, wanda akwati ne rufaffe. A mai shimfiɗa kuwa, amfaninta bai cika wuce ƙarƙashin allo ba. Ɓarnar tana zuwa ta hanyoyin da aka sani: sandar ɗumi da aka bari a kunne ba ma'auni tana gasa katako da rani, kwanon da aka manta ba a zuba masa ruwa ba ya zama banza, ruwa mai gishiri ko sinadarin da bai dace ba yana sa tsirkiya tsatsa.

A nawa ganin, amsar ta dogara ga garin da ake magana. Na'urar an ƙera ta ne bisa zaton cewa wuta ba ta ɗaukewa, kuma akwai mai lura da ita kowane mako. Rusairis tana da madatsar ruwa da aka kammala a 1966, aka ƙara mata tsawon mita 10 a 2013, wutar da take samarwa tana tafiya har Khartum. Duk da haka ƙauyukan da ke gefen irin waɗannan madatsu sukan fi kowa sanin duhu. Inda wuta take zuwa tana komawa, na'urar kanta sai ta zama mai haddasa kai-da-kawowar da aka saye ta don ta hana: awa shida na ɗumi, awa goma na laima. A irin wannan wuri ya fi a ajiye fiyano jikin bangon ciki, nesa da taga da hasken rana, a rufe shi da mayafi mai kauri, a kuma kira mai saita shi sau biyu a shekara, makonni kaɗan bayan faɗuwar damina, da kuma bayan hunturu ya zauna.